Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

An saka ni a ajin gyaran rubutu! Na WhatsApp ne, Malam Abdulƙadir ke koyarwa daga Gummi. Ba gyaran ƙa'idar rubutu ba, a'a, bin jimla ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe. Ya ce, "Kada mai karatu ya taɓa tambayar wa ake nufi." Na kasa zama, har Inna ta tambaya ko miji na samu.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yanzu ko allon shago na gani sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Asabar, 12 ga Yuli

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ƙawata Sahura ta ba ni labarinta in gyara kafin Lahadin sama, ranar da Malam zai rufe karɓar rubutun littafin ajinmu. Labarin gaske ne, na yayanta Sahabi da gubar dalma ta kashe a Yargalma. Rabinsa maganar Innarta ce, ta ɗauka a waya ta kwafe. Akwai daɗi, amma tsohuwar sai "yaron nan", "yaron nan". Wane yaro? Gida cike da yara! Duk inda na gani na mayar da shi "Sahabi". Wallahi shafin ya yi fes, ni kaina na burge kaina.

Talata, 15 ga Yuli

Sahura ta kira. "Humaira, mi kinka yi? Ɗan hwarinta ne! Tun da ta haihe shi ba ta taɓa kiran sunanai ba, ko ranar da anka rufe shi. Ke kin sa mata a baki." Wai ta fasa, a cire labarin.

Na ce ai don mai karatu na yi. Ta kashe wayar.

Haushi nake ji. Ni da kullum nake jin Inna tana ce wa Yaya Ɗahiru "wancan", yaya aka yi ido ya rufe mini?

Juma'a, 18 ga Yuli

An wuni ana ruwa, ni kuma na wuni kan shafin farko. Na mayar wa tsohuwa da "yaron nan" ɗinta duka. Sunan kuwa na kai shi bakin Sahura, a jimlarta ta buɗewa, inda ya halatta. Sai ga shi kowa zai gane, ba a taɓa kunyar kowa ba. Har tsalle na yi! Na tura wa Sahura, na ga ta buɗe.

Malam ya ce maimaicin "yaron nan" ya yi yawa, in rage. Na ce ba zan rage ba. Ni ce na faɗa wa Malam haka!

Lahadi, 20 ga Yuli

Sahura ta miƙa labarin da hantsi. Ta ce jiya ta karanta wa Innarta tun daga farko. Da aka kai ƙarshe, tsohuwa ta ce, "Haka na hwaɗi."

Sahura ta turo wani sabon labari in duba. Na ga wata jimla karkatacciya a ciki, na daɗe ina kallonta. Ba wai tsoro nake ji ba. Gobe dai zan tambaye ta wa ya faɗe ta.