Sun kai Innata gidan tsofaffi, ga shi ta manta Hausa

Assalamu alaikum Hajiya Zulaihatu. Don girman Allah ki taimake ni, fargaba ta hana ni sakat. Daga wani ƙauye kusa da Bagwai nake, kada ki bayyana sunana.

Mahaifiyata ba Bahaushiya ba ce. Marigayi Babanmu daga Chadi ya auro ta lokacin da yake fataucin kifi. Ta haife mu mu uku, ta tsufa a nan, amma har yau dangin Baba "Baƙuwa" suke ce mata, saboda tsagar fuskarta da karyewar harshenta. Tun rasuwar Baba tsufa ya ruɗa ta. Sai ta fita ba mayafi, ta shiga gidan maƙwabta ta tsaya tana kallon yaransu. Hausar ma ta gudu daga bakinta, sai yaren garinsu, wanda ko mu ba ta koya mana ba. Da daminar nan zazzaɓi ya kashe ɗan maƙwabcinta, aka ce ita ta kama kurwarsa. Samari suka jefe ta har goshinta ya fashe.

Yayyena, Dallatu da Kassimu, suka kai ta wani gidan kula da tsofaffi a birnin Kano, ko shawartata ba su yi ba. Na roƙi mijina ta dawo wurina, ya ce a wannan tsadar da ƙyar yake ciyar da mu, kuma ba zai bari a ƙona masa gida ba.

Hajiya, na je na gan ta. Tsofaffin ɗakin sun ƙi zama da ita, wai da aljanu take magana, sai aka ware ta ita kaɗai. Ma'aikata mata sun yi kaɗan, wani lokaci namiji ne yake ɗaga ta ya canza mata shimfiɗa, matar da ko abinci ba ta ci a gaban Baba. Duk ta rame. Ta ƙanƙame hannuna tana maimaita wata kalma tana kuka, ni 'yar cikinta ban san me take roƙo ba. Na ce zan tafi da ita, aka ce sai wanda ya kawo ta ya zo. Dallatu kuma ya ce ni mace ce, in kama gidan mijina.

In na bar ta, ina tsoron ta mutu babu mai jin abin da take faɗa. In na dawo da ita, ina tsoron a kashe ta. Yaya zan yi?

'Yarki mai fargaba

Wa alaikumus salam 'yata. Mahaifiyarki ba mayya ba ce. Ciwon mantuwa ne da ke kama wasu tsofaffi, likitoci sun san shi. Yakan share abin da mutum ya koya da girmansa, ya bar masa harshen da ya sha a nono.

Yayyenki sun yi kuskure da suka tsallake ki, amma sun ɗauke ta daga inda ake jifanta. Mijinki ma tsoronsa yana da dalili. Kada ki mai da ita ƙauye yanzu, kada kuma ki yi gaba da Dallatu, tunda maganarsa ake ji a gidan tsofaffin. Ki sa wani babba da yake jin kunyarsa ya zaunar da ku, ku je wurin shugaban gidan tare. Ku nemi likita ya duba ta, mata su riƙa kula da jikinta, a kuma daina kaɗaita ta.

Kano ba ta rasa mutanen Chadi. Ki tambaya wurin 'yan kifi, ki nemo mace mai jin yarenta, ku je tare ta gaya miki abin da take roƙo. Ki riƙa zuwa a kai a kai da irin abincin da take so, domin tsohon da ake ziyarta ba a wulaƙanta shi. Kassimu kuma ya samu liman da mai gari, a ja wa masu jifa kunne tun kafin a yi maganar dawowarta.

Ko ba ki gane maganarta ba, ita ta gane hannunki. Kada ki bari ta neme shi ta rasa. Allah Ya ba ta sauƙi, Ya saka miki da Aljanna.