Zomon da Gimbiya Ta Kamo

Kambarawa, Katsina.
3 ga Maris, 2024.

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya horo, ya zafin rana, ya kewar gida? Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Tun da aka karɓe muku wayoyi a sansanin nan na koma biro da takarda. Kada ka yi dariya, daɗin hakan nake ji, don a littattafan da nake karantawa duk wadda ta san so sai ta rubuta wasiƙa.

Maganar 'yar kwikwiyar da ka bar mini ce. Ta girma, ta yi ƙafafu kamar barewa. Na raɗa mata suna Gimbiya. Yaya Usaini ya yi dariya har da riƙe ciki, wai karnukan maza Wuta da Kafi-Bindiga ake kiransu, ba sunan amaren littafi ba. Ya ce ruwa biyu ce, uwa doguwar karyar Buzaye, uba karen ruga mai bin shanu, irin wannan kuwa ba ta nan ba ta can, asarar tuwo kawai. Na ƙyale shi, tunda yayanka ne kuma shi ne babba a gidan. A raina dai na ce ƙafar uwa ta ɗauko, ƙwaƙwalwa kuma ta uba. Karen ruga ai da kallon fuskar mai shanu yake gane inda za a nufa.

Kullum in na gama shara nakan zaga bayan gida wajen turken awaki. Na cusa tsumma cikin fatar zomon nan da ka shanya, ina jefawa tana ɗaukowa. In na ce "je ki" ta tafi, in na ce "zo" ta juyo ko da ta kusa cafkewa. Jiya na ajiye tsokar nama a gabanta na ce "bari", na zauna na karanta babi guda cur. Yawu na zuba, amma ba ta taɓa ba. Kwanonta daban yake, kuma ina wanke hannu, kada Inna ta sa ka damuwa.

Ka ci abinci sosai. Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Taka har kullum,
Muhsina.

Kambarawa, Katsina.
17 ga Maris, 2024.

Maigidana abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ciwon kafaɗar ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ta hannun direban da ke kai maka wasiƙuna. Na karanta inda ka ce in bi duk abin da Yaya ya yanke a gidan nan. Na karanta sau uku ko zan ga wata magana a ƙasa, ban gani ba.

Ga abin da ba ka sani ba. Ran Asabar Yaya ya tafi da Gimbiya farauta cikin ayarinsu. Da zomo ya tashi, karnuka suka zuba, ya daka mata tsawa irin tasu ta daji, sai ta kwanta a gindin kalgo ta ɗora haɓa a ƙafa. Ya ja igiya, ya zage ta, ko motsi. Da ya kwance ta sai ta kamo hanyar gida ita kaɗai, ta riga shi isowa. Abokansa suna ta tsokanarsa, wai ya zo da amarya daji ba 'yan rakiya.

Na san laifina ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. A hankali nake yi mata magana, kamar yadda nake karatu, ba ta taɓa jin umarni daga bakin kowa ba sai nawa. Ban yi tunanin ranar da wani zai aike ta ba. Amma karen da ya ƙi aiken wanda bai sani ba, daƙiƙi ne? Ni a wurina wayo ne ya yi mata yawa.

Yaya ya aika wa mutanen nan masu yawo da keji a bayan babur suna sayen karnuka. Ran Juma'a za su zo. Ka san inda suke kai su, ka san ba farauta ake yi da su a can ba.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsallake maganarka ba. Wannan karon ka yi haƙuri, Gimbiya ba za ta shiga kejin nan ba. Na durƙusa gaban Inna na roƙi abu ɗaya, a kai ni gona in aike ta da bakina a gaban Yaya. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace a farauta ba. Inna ta ce ita ma ba ta taɓa ganin kare ya kunyata ƙato mai gemu ba sai bana, kuma da ita za a je.

In ka yi fushi, ka ajiye shi sai ka dawo, zan ɗauka. Ka yi mini addu'a ko da fushin.

Matarka mai kewarka,
Muhsina.

Kambarawa, Katsina.
24 ga Maris, 2024.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya jiki, ya aiki, ya ibada? Allah ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Ran Laraba da sassafe muka ɗauki Keke Napep ni da Inna zuwa gonarku ta hanyar Kaita, Gimbiya a tsakaninmu, mai keken yana ta salati don ganin kare a kekensa. Yaya ya biyo mu a babur da abokansa biyu, sun zo kallon dariya. A littafi jaruma ba ta jin tsoro a irin wannan wuri, ni kuwa har fitsari na ji.

Sun daɗe suna dukan ciyawa da sanduna kafin zomo ya fito. Na yi bismillah na ce "je ki". Ba ta bi bayansa kai tsaye ba, sai ta yanke ta hagu wajen shingen da zai faɗa. Ɗaya daga cikinsu ya fara ihun ta ɓata hanya, bai rufe baki ba zomon ya karkato ya faɗo mata. Ta kawo shi har gabana ta ajiye, ta zauna tana haki. Haƙoranta sun huda wuyansa, ya riga ya mutu, amma ko loma ba ta gutsura ba.

Nan Yaya ya ce mushe ne, tunda ba a riske shi da wuƙa ba, a jefar. Inna ta ƙulle shi a ɗankwali, muna isowa ta aika wa Malam Mudassir limamin unguwa. Ya ce abin da horarren kare ya kashe, in an aike shi da sunan Allah, halal ne, mace ta aike shi ko namiji. In kuwa ba horarre ba ne, mushe ne. Ko horarriya ce ko a'a, ya ce waɗanda suka gani da ido su ne za su faɗa.

Na ajiye naman har Yaya ya dawo daga kasuwa, na yi farfesu da citta da kanumfari. Bayan an sha ruwan azumi na zuba kwano guda na kai sashensa da hannuna, na ajiye na fito. In ya ci, ya yarda horarriya ce. In ya mayar, sai ya ce Inna ta ci mushe, don ta riga ta cinye cinya guda a tsakar gida.

Kwanon ya dawo da ƙasusuwa.

Ran Juma'a masu kejin suka zo. Ina bayan ƙyaure ina riƙe da igiyar Gimbiya, na ji Yaya a zaure yana ce musu sun yi ɓatan gida, nan ba a sayar da karen farauta.

Har yau bai yi mini magana ba. Jiya dai ya aiko matarsa Lami, wai me nake faɗa wa karyar take tafiya. Na ce ta gaya wa Yaya ina bayan gida kullum bayan shara, ya zo da kansa, kuma ya baro tsawarsa a zaure. Kai ma in ka dawo haka za ka yi, don yanzu ba ta san muryarka ba.

Inna tana sa maka albarka. Ka huta lafiya.

Taka,
Muhsina.