Yadda Wushirya Ta Koya wa Babanta Magana

Maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya rana a can bakin madatsar ruwan? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, ko kuwa shayi kake ta ɗura wa cikinka kamar yadda ka saba. Tun da wurin naku babu sabis, direbanku mai kai kayan abinci ya ce zai riƙa kai mana takarda, shi ya sa na zauna nake rubutu kamar 'yar makaranta.

Ina da labari. Na san ka ce in bari sai ka dawo mu kai Wushirya babban asibiti tare. Ka yi haƙuri, na kasa jira. Wata mata ce ta shigo shagonmu sayen maganin tari da ɗanta, na ga suna ta hira da hannu, yaron yana dariya har da riƙe ciki. Na tsaya da kwalbar magani a hannu ina kallonsu kamar sakarya. Da ta ga haka ta tambaye ni ko lafiya, ni kuwa sai na zazzage mata komai: cewa 'yata shekararta biyar, ba ta ji, ba ta taɓa cewa ko Mama ba. Nan take ta kwatanta mini cibiyar masu matsalar ji, wani gini mai shuɗiyar ƙofa a bayan tashar mota.

Washegari muka je. Aka sa mu a wani ɗan ɗaki mai katifa a bango, aka sanya mata abin sauraro a kunne, aka yi ta gwaji. Likitar ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce jin ya yi ƙasa ƙwarai a kunnuwan biyu. Na'ura za ta iya sa ta ji ƙarar mota ko bugun ƙofa, amma da wuya ta ji magana. Na fito na zauna a benci na yi kukana son raina.

Ina cikin haka sai na ji an taɓa kafaɗata. Wata doguwar mata ce mai tabarau, ta yi mini alama in biyo ta. Ta buɗe wata ƙofa, sai ga aji cike da yara. Na zata zan tarar da wuri tsit. Ina! Ana buga tebur, ana dirka ƙafa a ƙasa, ana ƙyalƙyala dariya, hannuwa suna ta tashi sama kamar an saki tsuntsaye. Maimakon ƙararrawa, fitilar ɗakin ake kunnawa a kashe, kowa ya juyo. Matar nan ita ce Malamarsu, ita ma kurma ce, tana da miji da 'ya'ya, kuma da kanta take tuƙo babur ɗinta zuwa aiki.

Wushirya ta maƙale a zanina. Malama ta durƙusa, ta dube ta da kyau, ta ɗora yatsa a kan haƙoranta na gaba, sannan ta nuna ta. Ta sake yi. Yaran duka suka yi, suna nuna ta. Mai fassara ta raɗa mini cewa suna ne aka sa mata, saboda wushiryar nan tata, kamar dai yadda muke kiranta a gida. Maigida, 'yarmu ba ta san tana da suna ba. Shekara biyar muna kira, ba ta taɓa sani ba. Ta taɓa haƙorinta, ta nuna ƙirjinta, ta dube ni tana neman tabbaci. Na gyaɗa kai. Har muka iso gida tana yi, ta nuna wa mai tuƙin motar haya, ta nuna wa Inna, ta nuna wa mage.

Na sa sunanta a ajin. Ni ma na shiga na iyaye, ranar Asabar ake yi. Kada ka yi fushi. Da ka ga fuskarta, da kai ma ba ka jira ba.

Ka gaishe da abokan aikinka. Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Uwar Wushirya

*

Maigidana,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, mun ji daɗin jin cewa bayan ya yi sauƙi. Inna lafiyarta ƙalau, ni ma haka, Wushirya kuwa har ƙiba ta ƙara.

Na karanta abin da ka rubuta, na kuma gane tsoro ne yake magana ba faɗa ba. Ka ce in ta saba da hannu ba za ta taɓa buɗe baki ba, kuma ba ka son a riƙa nuna 'yarka a titi ana kiranta bebiya. Ni ma na kai wa likitar wannan damuwa. Ta ce maganar hannu ba ta hana ta baki, akwai ma mai koya musu motsa leɓe da fitar da murya, kuma an auna mata na'urar kunne. Abin da ke cutar da yaro shi ne ya girma ba shi da yare ko ɗaya. Sannan in tambaye ka, kai da me kake yi wa mai injin ɗaga kaya magana in yana can sama ƙara ta cika wuri? Ba da hannu ba? Ban taɓa jin an raina ka don haka ba, albashi ma ake ba ka.

Yanzu ka zauna da kyau in faɗa maka abin da ya faru.

Tun tafiyarka, kullum da safe sai ta je bakin ƙofar gida ta tsaya ta riƙe ƙarfe. Mun ɗauka motoci take kallo. Ranar Asabar aka koya mana kalmomin iyali da kalmomin yin tambaya. Na dawo ina wanke kwanuka, sai ta ja rigata, ta zana gashin baki a leɓenta, ta buɗe tafin hannuwanta biyu tana ɗaga gira. Gashin bakin kai ne, sunan da ta sa maka ke nan. Buɗe hannun kuma yana nufin ina. Tambayata take yi ina Babanta.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Da sassafe ka tafi tana barci. Ta tashi ba ta gan ka ba, kuma babu wanda ya iya gaya mata komai. A ganinta ka fita ƙofar nan ka ɓace. Na goge hannuna, na tattaro 'yan kalmomin da na sani: Baba, aiki, nesa, zai dawo. Ta maimaita zai dawo. Na ce i. Ta sake tambaya, na sake cewa i. Sai ta kwasa da gudu ɗakin Inna tana faɗa mata, hannu na harɗewa don sauri. Inna da ke cewa mu wasan 'yan bori muke da hannu, sai ga ta ta fito tana share ido tana cewa in nuna mata yadda ake cewa i. Yanzu ta fi ni naci, sai dai yatsunta ba sa lanƙwasuwa, jikar tana yi mata dariya.

Amma ba zan ɓoye maka ba, bayan murnar fushi ya biyo. Da yamma ta hau kujera ta ɗauko hotonka ta kife shi a kan tebur. Na tayar, ta sake kifewa. Ta ce ka tafi ba ka faɗa mata ba. Na rasa kalmar da zan kare ka da ita, ba a koya mana ba tukuna. Malama ta ce in bar ta, yaron da ya iya faɗin fushinsa ya yi nisa.

Kuma ashe surutu gare ta. Ba ta son takalmin nan ja, matse ta yake yi. Tana tsoron ɗan maƙwabta mai keke. Ta ce ni ina da faɗa. Duk wannan yana cikinta muna zaune da ita.

Ga wani ɗan littafi mai hotunan hannu da cibiyar take bai wa iyayen da ke nesa, na sa maka a ciki. Ban ce dole ba. Amma hutunka ya kusa, kuma akwai wadda take jiran bayani daga gare ka, ba daga gare ni ba.

Inna ta ce ka rage shayi. Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Uwar Wushirya

*

Maigidana,

Gaisuwa a gurguje, direba yana waje yana ta danna mini oda. Muna lafiya, ina fata kai ma haka.

Na yi dariya har mai shagonmu ya leƙo ya ga ko lafiya, da na karanta cewa kana shiga bayan tankin ruwa kana gwada maganar hannu a ɓoye, mai gadi ya gan ka ya zata sauro kake kora. Yanzu kuma ka ce rabin ɗakinku sun iya cewa ruwa da abinci da na gaji. Allah ya yi maka albarka. Ban gaya mata ba, na bar maka ka ba ta mamaki da kanka.

An ba ta na'urar kunnen. Ranar farko wata babbar mota ta yi oda, ta zabura ta riƙe ni, sannan ta tambaye ni mene ne wannan. Ba ta son ta sosai, takan cire ta ajiye a cikin kofi, amma ana bi da ita a hankali. Hoton yana nan a kife. Kada gabanka ya faɗi, na kama ta tana ɗaga gefensa tana leƙawa.

Kalmar ban haƙuri tana shafin ƙarshe. Ka riƙe ta da kyau.

Sai ka zo.

Matarka

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, kin daina tsayuwar nan mai tsawo? Mu nan sai godiya. Kin ce in rubuto miki yadda aka yi da Baban Wushirya ya dawo, ba ki yarda da guntun labarin waya ba. To ga shi.

Da rana tsaka ya iso, ƙura har gira, jaka a kafaɗa. Kin san mutumin da ya wuni a mota. Ni da Inna muka tare shi a tsakar gida. Ita kuwa gimbiyar tana ganinsa ta taga ta koma bayan kujera ta tsaya, ta harɗe hannu a ƙirji, ta kumbura baki. Yaran nan in suka harɗe hannu haka, sun rufe baki ke nan, ba za a yi magana ba.

Ya ajiye jaka ya shiga. Yaya, mutumin nan da ke tsayawa ƙarƙashin ƙarfe mai nauyin mota ko gezau, sai ga shi ya durƙusa a gaban 'yarsa. Ya taɓa haƙorinsa na gaba ya nuna ta. Idonta ya buɗe, amma ba ta motsa ba. Ya zana gashin baki ya nuna kansa. Sannan ya zo kan ban haƙurin da ya yi ta gwadawa a bayan tanki. Ana dunƙule hannu ɗaya ne a zagaya shi a ƙirji. Shi kuwa don ruɗewa sai ya dunƙule biyu ya shiga goga ƙirji sama da ƙasa, hawaye na zuba, fuska abin tausayi. Wannan kuwa wanka ke nan. Abin da ya ce wa 'yarsa bayan duk watannin nan shi ne, Wushirya, Baba, wanka.

Na toshe bakina da gyale. Ita ta dube shi sama da ƙasa. Ta matso ta sunsuni rigarsa, ta yamutsa fuska, ta gyaɗa kai ta ce i, gaskiya ne. Inna ta zame ta zauna a bakin gado tana dariya tana kuka. Shi bai san me ya faru ba, sai juyowa yake yana tambayata, "Ta haƙura? Me ta ce?" Na ce, "Ta ce ka je ka yi."

Sai yarinyar nan ta gane abin da yake son faɗa. Ta kama hannunsa na hagu ta sauke masa shi ƙasa. Ta riƙe na daman da hannuwanta biyu, ta ɗora masa a ƙirji, ta zagaya da shi a hankali, tana kallon idonsa. Ta sake shi ta ce ya yi da kansa. Ya yi. Ta ce ya sake. Ya sake. Sannan ta faɗa jikinsa, da ƙurar da komai, ta riƙe wuyansa har sai da ya yi tari.

Ranar Asabar tare muka je ajin iyaye, shi kaɗai ne namiji sai wani tsoho mai jika. Malama ta ce hannunsa ya fi nawa fita sarai, abin ya ɗan ci mini rai. Ya tambayi shugabar cibiyar ko za a buɗe aji na maza da yamma, ya ce shi zai nemo su, tun da ya san inda iyayen suke ɓuya. Kuma ya yi wa 'yarsa alkawari da hannunsa cewa ranar komawa aiki sai ya tashe ta ya yi mata sallama.

Yanzu matsalata ɗaya. Jiya ina gugar kaya na juya musu baya, na ji ɗakin ya yi shiru irin wanda ban yarda da shi ba. Na waiga da sauri. Sai ga uba da 'ya suna kwaikwayon yadda nake faɗa, hannu a ƙugu, baki na motsi. Suna ganina su biyun suka ɓoye hannu a baya. Gulmata ake yi a gidana, Yaya, ina tsaye, kuma ban taɓa jin daɗin abu kamar wannan ba.

In za ki zo hutu ki shirya, ta riga ta sa miki suna. Ba zan faɗa miki ba, amma ya shafi girman jakarki.

Inna tana gaishe ki. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta