Kifin Bashi Ba Ya Gadi

Daga: Bang Mal-sun, Rumfa ta 27, Layin Busasshen Kifi, Kasuwar Bakin Tasha, Seoryang

Zuwa ga: Mai Girma Mai Shari'a Pyo Jin-gyeong, Kotun Kamfanonin da Suka Durƙushe, Seoryang

Kwanan wata: 14 ga Nuwamba, 2023

Game da: Bashin kuɗi won miliyan tara da dubu ɗari shida da nake bin Kamfanin Motoci na Baekro, da sahun da kotu ta ajiye ni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, ni ce wadda ma'aikatan Baekro ke kira Goggon Kifi. Shekara talatin da ɗaya ni nake kai wa kamfanin busasshen kifi da farin zare da wainar shinkafa duk ranar fito da sabuwar mota. Mai Shari'a ya san al'ada: a rusuna, a zuba wa tayoyi giyar shinkafa, a naɗe kifin da zare a rataye shi saman ƙofa, idonsa buɗe yana gadin arziki. Ga koke-kokena:

1. Daga 1992 zuwa 2017 kuɗi hannu ake biyana, motoci kuma suna fita kamar ana rabon kyauta. Ranar 3 ga Maris, 2018, wani sabon akanta ya ce daga yanzu sai bayan kwana casa'in. Na faɗa masa gaban shaidu cewa kifin bashi ba ya gadi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Motar da aka fitar ranar ita ce wadda ƙofarta ke buɗewa da kanta in an sha kwana. Sau bakwai aka karɓi kifina bashi, kwana casa'in ɗin kuwa har yau ba su cika ba.

2. Da kotu ta karɓi ragamar kamfanin ranar 9 ga Yuni, ta sa bankin gwamnati a gaba wai yana da jingina, ni kuma aka jefa ni sahun marasa jingina, lamba 1,412, tsakanin mai wankin labule da mai gyaran famfo. Da girman kujerarka, ina da jingina. Kifayena bakwai suna nan rataye a ƙofa ta uku ta masana'antar. Mai ƙidayar kadarori ya rubuta su a shafi na 388 da sunan tarkace, darajarsu sifiri. Tarkace! Kifin da ya sha sanyin kan dutse wata huɗu cur yana bushewa.

3. A taron masu bin bashi na 20 ga Oktoba, na sa rigar biki, na shiga bas biyu, na ɗaga hannu na ƙi amincewa. Ashe nauyin ƙuri'a gwargwadon kuɗin mutum ne. Wakilin banki ko kofin shayinsa bai ajiye ba ya kayar da mu gaba ɗaya.

4. An yanke a biya ni kashi bakwai cikin ɗari, a cikin shekara goma, sauran a ba ni hannun jari. Shekarata sittin da takwas, Ranka ya daɗe. Na kai takardar hannun jarin wa mai busar mini da kifi, ya juya ta gaba da baya, ya tambaya ko ana miya da ita. Ya ce in bai ga kuɗinsa ba kafin 1 ga Disamba, kifin bana wata mai rumfa zai ba. In babu kifi babu rumfa, rumfar kuwa daga mahaifiyata na gaje ta.

5. Ranar 2 ga Nuwamba na je da tsani in sauke jinginata. Ma'aikata wajen ɗari biyu suka tare ƙofar, manya da furfurarsu, suna roƙona wai in kifin ya sauko wanda ke shirin sayen kamfanin zai fasa. Na koma da tsanina, na yi kuka a bas, ba zan ɓoye wa kotu ba.

6. Jiya ofishin shugaban riƙo da kotu ta naɗa, Shugaba Seok Gi-tae, ya bugo mini waya. Suna son kifi mafi girma da wainar mutum dubu don bikin sa hannu da mai saye ranar 28 ga wata. Na tambayi yadda za a biya, aka ce bayan kwana casa'in.

Saboda haka ina roƙon kotu mai alfarma ta mayar da ni sahun masu jingina, a biya ni kafin 1 ga Disamba. Ina kuma roƙon ta ba da umarni a biya kifin ranar 28 tun kafin a ƙulla zaren.

Kifin dai zan kai, ko an biya ko ba a biya ba, domin gida dubu huɗu ke ci daga ƙofar nan, kuma ba zan iya haɗa ido da matansu a kasuwa ba. Amma a sa a fayil cewa na faɗa, kamar yadda na faɗa a 2018. In kotu ta ga a bar shi a kwana casa'in ɗin, ina roƙon a ajiye wannan takarda kusa da hannu. Baɗi ba sai na wahalar da Mai Shari'a da wata ba, kwanan wata kawai za a canza.

Na rusuna da dukkan ladabi,

Bang Mal-sun
Mai bin bashi lamba 1,412