Minti Goma

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ƙofa uku ce tsakanin ofishina da naki, amma sati biyu ke nan ina nemanki ana ce mini shugabar asibiti tana mitin. Shi ya sa na koma takarda.

Na karanta tsarin shekara biyar da masanin nan mai kwat ya rubuta mana. Shafi sittin, ban ci karo da kalmar ciwo ko sau ɗaya ba. Mu likitoci shida muka haɗa kai muka buɗe wurin nan, yau an dasa wa kowa ƙararrawa a tebur, wai minti goma ne rabon kowane maras lafiya. Jiya wata tsohuwa mai hawan jini ta fara ba ni labarin ɗanta da ya rasu, sai abin nan ya ɗau ƙara. Ta miƙe ta ce, "Likita, yi haƙuri, na cinye maka lokaci." Wallahi kunya ta kama ni.

Akwai kuma wata magana da ba ta takarda ba ce. Ki samar mini lokaci.

Naki,
Yaya

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Da ƙyar na karanta wasiƙarka. Rubutun nan naka ko a cikin likitoci ya ciri tuta!

Yaya, mu faɗi gaskiya. Kowannenmu yana ganin mutum arba'in a rana, kai sha huɗu. Ragowar layinka kan sauran yake komawa, har biyu sun ce in ba a gyara ba za su tafi. Ranar Alhamis za a ɗaga hannu a kan kujerarka, kuma dokar rinjaye kai ka rubuta ta. Don Allah ka daure ka kai ko talatin ne, in sami bakin kare ka.

Ɗaya maganar mu bar ta sai bayan mitin.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Hannu biyar na ƙirga ranar Alhamis. Naki ne na ƙarshe, bai kuma yi sama sosai ba, na gode da wannan. Na ji a ɗakina za a sa na'urar hoto. Na kwashe littattafaina, makulli yana wurin maigadi.

Kin tuna ranar Litinin da na yanki kati, na zauna a benci da lamba ashirin da bakwai, na shigo wurinki? Kika yi dariya kika ce tsokana ce. Kika amsa waya, kika auna jinina a hannun hagu idonki yana kan kwamfuta. Ina tattara abin da zan faɗa, ƙararrawarki ta buga. Ba ki tambayi abin da ya sa hannuna na dama bai fito daga aljihu ba.

Wata takwas ke nan yana rawa. Ba na iya rubuta magani sai na danne shi da ɗayan, shi ma sai na jira maras lafiya ya kau da kai. Can lokacin yake tafiya. Na san sunan ciwon, ni na koya miki shi. Ba kujera na zo roƙo ba, so na yi ƙanwata ta duba ni kafin bare.

Ban riƙe ki ba. Na gaji ne kawai. Ki gaishe da yara.

Yaya

Yaya,

Barka da warhaka. Sau biyu ina zuwa gidanka, Anti matarka tana cewa ka kwanta. Na soke duk mitin ɗin Asabar.

Na ɗauko wasiƙarka ta farko na sake dubawa. Tun daga layin farko rawar take a fili. Na gani da idona, na mai da shi abin dariya.

Don Allah ka buɗe mini ƙofa.

Auta