Fitila ta Uku

Litinin, 8 ga Oktoba, 2012

Yau ma Alhaji ya dawo daga kasuwar Kwari yana faɗa. Hotunan yadin da aka turo masa sun ƙi buɗewa, intanet sai rarrafe. Layi ɗaya muke rabawa da maƙwabta. Akwatin intanet ɗin yana falonmu, wayoyi uku suka fita daga cikinsa: ta farko tasa, ta biyu ta ratsa katanga zuwa gidan su Bridget, ta uku ɗakina, wajen tsohuwar kwamfutar da ya bar mini. Uchenna mijin Bridget ne ya haɗa mana bara, sana'arsa ke nan a unguwar Bata.

Alhaji ya ce 'yarsu Ifunanya ce, yini take tana kallon finafinan banza. Ina zuba masa miya.

Laraba, 10 ga Oktoba

Ni ce. Bari in faɗa ko a takarda ne.

Da azumi Ifunanya ta nuna mini inda ake kallon Harami kai tsaye. Tun da aka fara jigilar maniyyata ban bar shi ya huta ba. Ina tsintar shinkafa ina bin masu ɗawafi da ido, ina zaɓen wata tsohuwa a cikinsu in ce ni ce. In na ji motar Alhaji sai in rage murya, in rufa mayafi a kai. Kashewa ce ba na iyawa. In sa yatsana in ɗauke Ka'aba? Sai dai in wuta ta ɗauke da kanta.

Shekara ashirin da biyu ana kirana Hajiya, ban taɓa taka jirgi ba. Shi ya je sau biyu. Kowace shekara, "Baɗi in sha Allah, Ni'ima." In ya ga abin da nake kallo zai ɗauka gori nake masa.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Alhaji ya kira Uchenna ya duba. Uchenna ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe yana kallon 'yan fitilun nan. Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kai ƙasa. Ya ce, "Alhaji, ƙila daga kamfani ne." Alhaji ya ce kamfanin yana bayan katangar nan. A gabansa ya zare wayarsu, ya naɗe ta, ya ɗora kan kabad.

Uchenna ya ce sai da safe. Har da ni ya gaisar.

Asabar, 13 ga Oktoba

Na idar da walaha na kasa ɗaga hannu in roƙi komai.

Litinin, 15 ga Oktoba

Bridget ta shigo aron rariya. Na san ba rariya ta kawo ta ba, tana da biyu. Ifunanya na cike fom ɗin makarantar koyon jinya, ta intanet kaɗai ake karɓa, ran Juma'a za a rufe. Kwana uku tana zuwa kafe, shagon intanet, a Sabon Gari, layi har waje, in ta samu kujera ko wuta ta ɗauke ko hotonta ya ƙi hawa.

"Hajiya, ba wayar ce ta dame ni ba. 'Yata ce aka ce tana kallon banza. Yarinyar da har ake cewa ta fiye zuwa coci."

Na ce Allah ya kyauta. Allah ya kyauta! Ni da na sauke Alƙur'ani tun ina 'yar sha huɗu, na san hukuncin wanda aka yi wa wani ƙazafi a gabansa ya yi shiru. Balle ni ce sanadi.

Talata, 16 ga Oktoba

Alhaji da kansa ya ce abin mamaki, an cire su amma bai sake zani ba. Na tashi na ce zan duba tukunya. Babu komai a wuta.

Laraba, 17 ga Oktoba

Bayan ya karya, kafin ya fita, na ce ya zo ɗakina. Na yaye mayafin. Mutane na ta zagayawa, farare fat. Na ce ga finafinan.

Ya daɗe a tsaye. Na zaci faɗa zai yi, na ma fi son ya yi. Sai ya ce, "Tun yaushe?" Na faɗa. Ya cire hula ya mayar. Bai ce baɗi ba, na gode masa da wannan.

Na yi bismilla na kashe da hannuna. Ba abin da ya faru, gilashi ne ya yi baƙi. Na hau kujera na sauko da wayarsu, shi ya soke ta a raminta. Ya ce zai shiga wajen Uchenna da yamma. Na ce a'a, yanzu, kuma tare.

Ban san yadda aka yi na faɗa ba, kaina a ƙasa. Bridget ta kama hannuna tana dariya. "Hajiya, ai Baban Ifu ya sani tun ran nan. Fitila ta uku ce ke ta ƙiftawa ba hutu. Ya ce shi ba zai tona uwar gida a gaban mijinta ba."

Kwana shida suna rufa mini asiri da mutuncin 'yarsu. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Fom ya tafi kafin azahar. Ifunanya ta leƙo ta katanga tana ɗaga takardar. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Haba Mama."

Alhamis, 25 ga Oktoba

Ranar Arfa, ina azumi. Bridget ta aiko wai sun kashe tasu yau, in kalla son raina. Na kalla na awa guda, na kashe, na aika a ce su kunna.

Da hantsi na fita sayen kayan miya a bakin titi. Mai tumatir ya ce, "Hajiya, na nawa?" Na ji bakina ya ce, "Ban je ba tukuna, Malam. Zuba na miya ɗaya."

Bai ma ɗago ba.