Igiyar da Na Ja a Gonar Baba

Zuwa ga Aina'u, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira. Aminci ya tabbata a gare ki.

Wallahi kunya ta hana ni bin ƙofar gidanku. Kwana shida ke nan ina zagayawa ta bayan masallaci zuwa makaranta, kamar ɓarawon kaza. Ni malami guda!

Kin tuna yammacin da kika shimfiɗa mini tabarma a zaure, ina ta ƙorafi 'yan aji biyar sun kasa gane layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa? Kika yi dariyar nan taki, kika bi bakin tabarmar da yatsanki mai lalle, kika ce ai a kan darasina nake zaune: gefe huɗu, kusurwa huɗu, kowane gefe daidai da wanda yake kallo. Me ya hana ni naɗe tabarma in kai aji? Son burge ki ne, ba komai ba. So na yi ki hango ni ina gaba, yara arba'in na biye, mun nufi gonar Babanku.

Muka ja igiya. Arewa igiya goma sha biyu, kudu goma sha uku da rabi. Da bakin nan nawa na ce, "Kun gani? Wannan iyakar ta karkace." Na manta Zakiyya na cikin yaran, 'yar Alhaji Abdulkabir da gonarsa ke jikin taku. Kafin la'asar magana ta zama wai malami ya auna, Baba ya ci iyaka. Dattijon da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, aka zaunar da shi gaban mai unguwa saboda ni!

Na je na faɗa musu gaskiya, cewa gona ba allo ba ce, kakanni ba da rula suka dasa gambar iyaka ba. Alhaji ya janye maganarsa. Baba kuwa ko kallona bai yi ba.

Jiya na sayo tabarma a kasuwar Zakirai, na shimfiɗa a aji. Kafin a buga ƙararrawa yara sun gane. Ni kuwa na koma bayan aji na share hawaye.

Ya farin watana, Juma'ar nan ce kawunnaina za su kawo goron gaisuwa. Su zo ne, ko su zauna? Ki roƙar mini Inna ta roƙi Baba. Gambar da yara suka tattake, da hannuna zan sake dasa ta, a inda ya nuna, ba zan auna ko taku ɗaya ba.

In ma ya ce su zauna, goron zai bushe a ɗakina, ba zai shiga wani gida ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Muntaka